Daga Gudummawa zuwa Tallafi: Tarihin Agajin Gwamnati ga Manoman Ƙasar Bauchi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda hukuma ta riƙa agaza wa manoman ƙasar Bauchi idan fari ko ambaliya ta faɗa musu, tare da duba kalmomin da Bahaushe ya yi amfani da su a kowane zamani.

2.0 Kafin 1973

Tun kafuwar Bauchi a hannun Malam Yakubu a 1809, manomin da ya yi asara yakan dogara ne ga gudummawar dangi da zakkar hatsi da kuma rumbunan sarakuna. Bayan da Turawa suka ci garin a 1902, sai aka mayar da haraji na kuɗi. Ke nan ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, tilas talaka ya sayar da hatsinsa ya biya. Shi ya sa yunwar 1914, wadda Kanawa ke kira Kakalaba, ta tarar da rumbuna da dama a wofi. Ita kuwa ta 1927 an laƙaba mata Mai Buhu, saboda a buhuna aka riƙa kawo hatsi.

3.0 Zamanin Hukumomi

Farin 1972 zuwa 1974 ya auku ne Bauchi tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, mai hedkwata a Maiduguri. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ware kuɗin agaji, amma sai sun bi ta hedkwatar jiha da ofisoshin hukumomin gargajiya kafin su kai ƙauye. Darasin wannan fari ne ya haifar da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NERA, a 1976, shekarar da Bauchi ta zama babban birnin jiha. A 1987 aka ɓullo da inshorar aikin gona, sai dai masu karɓar rancen banki ne suka fi cin moriyarta. A 1999 NEMA ta gaji NERA.

Ambaliyar 2012 ta nuna yadda agaji ya koma na tsabar kuɗi tsakanin gwamnatoci. Shugaba Goodluck Jonathan ya ware naira biliyan 17.6, aka kasa jihohi rukuni huɗu. Bauchi ta faɗa rukuni na biyu, mai naira miliyan 400. An yi wannan sanarwa a watan Oktoba, lokacin da damina ta riga ta yi sallama, babu sauran damar sake shuka gero ko dawa.

4.0 Kammalawa

Abin lura shi ne yadda kalmomin suka sauya. Gudummawa ta tsakanin tsara ce, wanda ya karɓa yau shi zai bayar gobe. Agaji ceton rai ne a lokacin da masifa ke ci. Tallafi kuwa daga sama yake saukowa, mai bayarwa ne ke yanke yawansa da ranar zuwansa. Kalmar da ba a cika ji a bakin hukuma ba ita ce diyya, domin diyya hakki ce da ake iya nema a gaban alƙali. Muddin abin da manomin bakin kogin Jama'are ke samu sunansa tallafi, to godiya kawai ake jira daga gare shi, ba shi da hurumin tambayar ko an cika masa mudu.