Biya Sai an Ga Aiki: Daga Ruwanda Zuwa Wamba

A shekarar 2002, shekara takwas bayan kisan kiyashin Ruwanda, ƙananan asibitocin ƙasar na nan tsaye, amma marasa lafiya sun ɗauke ƙafa. Agajin gaggawa ya ja baya, an koma karɓar kuɗi daga hannun majinyata, albashin ma'aikata kuwa bai taka kara ya karya ba. A lardunan Butare da Cyangugu ne wasu ƙungiyoyin agaji biyu na ƙasar Holan, HealthNet da Cordaid, suka juya lissafin. Maimakon a aika wa asibiti kasafi a zauna ana fatan alheri, sai aka ce za a biya shi gwargwadon aikin da aka tabbatar ya yi. A 2006 gwamnati ta fara baza tsarin a faɗin ƙasar.

Kowane aiki da farashinsa. Haihuwa a asibiti dala 4.59, zuwan mace awon ciki na farko kuwa senti 9 kacal. Asibiti ya kai adadi, masu bincike su zo su duba rajista, idan makin ingancin aikinsa ya yi ƙasa a zaftare masa kuɗin.

Da yake ba a rana ɗaya aka fara ko'ina ba, an samu damar kwatantawa. An bi asibitoci 166, kusan rabi a sabon tsari, sauran an ba su kuɗi daidai da na 'yan'uwansu ba tare da sharaɗi ba. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2011 ya nuna haihuwa a asibiti ta ƙaru da kashi 23 cikin ɗari. Amma yawan matan da suka cika awo huɗu bai motsa ba, haka ma yaran da suka kammala rigakafi. Mu masu rubuta manhaja wannan bai ba mu mamaki ba: ranar da kamfani ya ce kurakuran da aka gyara zai riƙa ƙirgawa, ranar kowa zai koma farautar masu sauƙi. Ma'aikacin lafiya ma ya san inda dala huɗu take.

Duk da haka labarin Ruwanda ya burge masu ba da tallafi, Bankin Duniya ya kai tsarin ƙasashe da dama. Najeriya ta fara gwaji a ƙarshen 2011 a ƙananan hukumomin Wamba a Nasarawa, Fufore a Adamawa da Ondo ta Gabas, kafin a faɗaɗa shi a jihohin uku. Nan aka yi dabarar da ta fi jan hankalinmu. Wasu asibitocin an biya su bisa sakamako, har da ladan ma'aikata. Wasu kuma an zuba musu rabin wannan kuɗin kai tsaye a asusunsu, babu lada, su da kwamitin gari su yanke abin da za a saya, masu duba aiki na zagayowa.

Duka ɓangarorin biyu sun ci gaba. Masu lada sun yi gaba a haihuwa a asibiti, masu rabin kuɗi sun fi su a rigakafi, a yawancin sauran ma'aunai kuwa tazarar kaɗan ce. A ganinmu abin da ya ɗaga asibitocin nan shi ne kuɗi sun iso hannunsu, jami'in da ke kula da wurin na iya sayen magani ko gyara rufin ɗakin haihuwa ba tare da jiran sa hannu daga sakatariya ba.