Tsakanin Manomi da Kamfanin Inshora: Tarihin Kalma Ɗaya a Takarda

A wannan makon za mu waiwayi tushen wata rigima da ta daɗe tana kai manoma kotu: gobara ta cinye rumbu ko garke, kamfanin inshora kuma ya ce ba zai biya ba, wai an faɗa masa abin da ba haka ba tun ranar cika takarda.

A Ingila aka kafa ƙa'idar, a shari'ar Carter da Boehm ta 1766. Alƙali Mansfield ya ce mai neman inshora ya fi kowa sanin halin dukiyarsa, don haka wajibi ne ya bayyana duk abin da ya shafi haɗarin. Magana ce ta adalci, amma kamfanoni suka mayar da ita makami. Suka riƙa sa wani layi a ƙasan takarda, cewa duk amsar da ka bayar ita ce ginshiƙin yarjejeniya.

A 1922 aka ga illar haka. Kamfanin Dawsons na birnin Glasgow ya rubuta cewa a adireshinsa na cikin gari ake ajiye motarsa ta ɗaukar kaya, alhali a wata gona ta bayan gari take kwana. Gobara ta ƙone ta a can. Ba a samu kamfanin da niyyar yaudara ba, duk da haka kotun ƙoli ta Majalisar Dattawa, alƙalai 3 cikin 5, ta ce babu diyya, saboda wancan layin.

Gyara ya zo a hankali. A 1994, shari'ar Pan Atlantic ta ce sai kamfani ya nuna kuskuren ne ya ja shi ya amince. Dokokin 2012 da 2015 suka soke wancan layi, suka kuma raba mai ƙarya da gangan da mai kuskure: na farko ya rasa komai, na biyu a wasu lokutan a rage masa diyya gwargwadon kuskurensa.

Mu ma abin ya shafe mu, domin daga Ingila Najeriya ta gaji tushen dokar inshora, kuma tun 1987 muke da shirin inshorar noma na tarayya. Yawancinmu wakili ne ke cika mana takarda, mu dangwala hannu. Kafin mu dangwala, mu sa a karanta mana: girman gona, yawan dabbobi, inda ake ajiya, da asarar da muka taɓa yi. A kotu, abin da aka rubuta shi ake dubawa.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.