Yadda Masana Zamantakewa Suka Kai Ga Fahimtar Al'ada

A shekarar 1952 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Alfred Kroeber da Clyde Kluckhohn, suka bi littattafai suna tsinto ma'anonin da masana suka bai wa al'ada, har suka tara guda 164. Yawan ya samo asali ne daga wata gardama da aka daɗe ana tafkawa. Abin da ya bambanta wannan al'umma da waccan, a jini yake ko koyonsa ake yi? Kuma akwai al'ummar da ta isa a ɗauki rayuwarta a auna ta sauran jama'a da ita?

Tambayar ta girmi jami'o'in Turai. Ibn Khaldun, haifaffen Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377 yana zaune a wani keɓaɓɓen wuri a ƙasar Aljeriya ta yau. Ya dubi makiyayan hamada da mazauna birni, ya nuna cewa jarumtar waɗancan da son hutun waɗannan sun biyo hanyar neman abincinsu da abin da suka saba da shi tun ƙuruciya. Sai dai shi ma bai kuɓuta daga tunanin zamaninsa ba, domin ya jingina halayen wasu mutane ga zafin ƙasarsu, ya faɗi maganganu a kan baƙar fata waɗanda ba su da tushe.

A Turai kuwa, har tsakiyar ƙarni na 19, masu ilimi da yawa suna ganin al'ada gogewa ce ta 'yan kaɗan: karatun manyan littattafai, sauraren kiɗan fada, iya zama da manya. Haka Matthew Arnold na Ingila ya ɗauke ta a littafinsa na 1869. A wannan ma'auni, manomi da maƙeri ba su da rabo.

Shekara biyu bayan haka, a 1871, wani Baturen Ingila mai suna Edward Tylor ya fitar da Primitive Culture, inda ya buɗe ƙofar ga kowa. A wurinsa, al'ada ta haɗa sani, abin da aka yi imani da shi, fasaha, ɗabi'a, doka, da duk wani abu da mutum ya koya saboda zamansa cikin jama'a. Abu biyu ya kafa waɗanda har gobe ba a rushe ba: koyo ake yi, kuma a cikin jama'a ake koya. Matsalar Tylor ita ce ya jera al'ummomin duniya a kan tsani guda, Turawa a matakin ƙoli, sauran suna ƙasa suna hauhawa. Lewis Henry Morgan na Amurka ya ƙara fayyace matakan uku a 1877, daga zaman daji zuwa wayewa. Wannan tunani ya yi wa masu mulkin mallaka daɗi ƙwarai, domin ya mayar da cin ƙasar wani tamkar taimako. Ko a ƙasar Hausa an ga alamarsa. Manjo Tremearne, hafsan Ingila da ya yi aiki a Arewa, ya buga littafi a 1913 wanda tun daga sunansa ya gwama al'adun Hausawa da camfi.

A Faransa, Emile Durkheim ya bi ta wata hanyar. A 1895 ya nuna cewa akwai abubuwan da mutum yake tararwa a duniya, ba shi ya ƙirƙira ba, kuma suna da ikon tilasta shi ko da babu ɗan sanda a kusa. Matar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari ba wata doka ta karanta ba. Ta taso ta ga haka ake yi, kuma ranar da ta saɓa, kallon da matan gida za su yi mata ya ishe ta horo. Max Weber na Jamus, a rubutunsa na 1904 zuwa 1905, ya ƙara da cewa abin da mutane suka yi imani da shi yana iya juya akalar kasuwa da tara dukiya.

Wanda ya karya tsanin nan shi ne Franz Boas, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Bayahude ne ɗan Jamus, wanda ya fara da kimiyyar lissafi da yanayin ƙasa, har digirinsa na dakta a 1881 a kan launin ruwa ya yi shi. A 1883 ya tafi tsibirin Baffin da ke arewacin Kanada, ya zauna da mutanen Inuwit cikin ƙanƙara. Can ya ga cewa duk karatunsa ba zai raya shi dare ɗaya ba in babu iliminsu na farauta, sutura da sanin hanya. Da ya koma Amurka ya zauna a Jami'ar Kolumbiya, sai ya auna baƙin haure da 'ya'yansu fiye da 17,000 a birnin New York, ya gano cewa hatta siffar kan yaran da aka haifa a Amurka ta ɗan bambanta da ta iyayensu. Idan ƙashin kai, wanda masu wariyar launi suka dogara da shi, yana sauyawa da muhalli, ina ga hali? A littafinsa na 1911 ya raba abu uku da aka saba cakuɗawa: launin fata, harshe da al'ada. Ɗaya ba ya haifar da ɗaya. Daga hannunsa aka daina maganar hanya guda da kowa zai bi, aka koma maganar al'adu masu yawa, kowace da tarihinta, kuma sai an shiga cikinta za a gane dalilin abin da masu ita suke yi. Ɗalibansa Margaret Mead da Ruth Benedict suka yaɗa wannan ga talakawan masu karatu a 1928 da 1934.

A daidai wannan zamani Bronislaw Malinowski ya kafa sharaɗin cewa mai bincike sai ya koyi harshen mutane ya zauna da su, bayan zamansa a tsibiran Trobriand lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. William Ogburn kuma a 1922 ya lura cewa kayan aiki sun fi ɗabi'a saurin sauyawa. Duk wanda ya ga yadda wayar hannu ta shiga gidajen aure kafin a san ladabin riƙe ta ya san abin da yake nufi.

Sabon salon bai daɗe ba ya iso ƙasar Hausa. Joseph Greenberg, ɗalibin Melville Herskovits wanda shi kuma ɗalibin Boas ne, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya rubuta yadda Musulunci ya ratsa tsohon addininsu. Daga 1949 zuwa 1950 M. G. Smith yana nazarin sarauta da tattalin arzikin Zazzau, matarsa Mary kuma tana zaune da wata dattijuwa, Baba ta Karo, tana rubuta labarin rayuwarta. Littafin ya fito a 1954, kuma darajarsa ita ce mace Bahaushiya ce take bayanin kishi, ƙawance, bauta da zuwan Nasara da bakinta.

Amma aikin da na fi ganin ya taɓa zuciyar maganar shi ne na Abner Cohen a unguwar Sabo ta Ibadan, wanda ya fito a 1969. A lokacin, Hausawan Sabo suna riƙe da fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu, ciniki ne na bashi da amana ta hannun masu gida da dillalai. Cohen ya nuna cewa da siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon Sarkin Hausawa a farkon shekarun 1950, sai mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya gadan-gadan, suka ware masallacin Juma'arsu. Hausancin Sabo bai zo daga Kano a ƙunshe ba. A Ibadan aka sake gina shi domin ya kare amana da kasuwa, kuma wanda ya iya harshen, ya bi addinin, ya kiyaye ƙa'idar unguwa yana iya shiga ko daga ina kakansa ya fito.

Fahimtar dalilin abu ba yarda da shi ba ce, kuma nan ne wasu mabiyan Boas suka zarce. Malaman fiƙihu sun daɗe da karɓar abin da jama'a suka saba a matsayin hujja matuƙar bai ci karo da nassi ba, wato sun san akwai al'adar da za a riƙe, akwai wadda za a bari. Auren dole ba ya zama daidai don an gada.

Hukumar UNESCO ta amince da faffaɗar ma'anar al'ada a taron Meziko na 1982, ta kafa yarjejeniyar kare gadon da ba a taɓawa da hannu a 2003. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerinta a 2016, hawan sallar Kano a 2024. Abin alfahari ne, sai dai yana ƙarfafa wata fahimta da ta yi mana katutu, ta ɗaukar al'ada a matsayin hawa, kalankuwa da jerin bukukuwan aure da suna da ake haddacewa don jarrabawa. Ina roƙon malamanmu na sassan Hausa da na ilimin zamantakewa su tura ɗalibai Kantin Kwari su ga yadda ake ba da kaya bashi ba takarda, su shiga zango a Kumasi, su zauna da masu shirya finafinai da matan da ke adashi ta waya, su rubuto mana abin da suka gani da Hausa.