Wa Ke da Sunan Furen Katanga?

Akwai wani icce mai ƙaya da ke hawa katangun gidaje a Yamai, Maraɗi da Damagaram, wani ja, wani ruwan hoda. Ka tambayi maigida sunanshi, sai ya ce maka: "fulawa ce kawai." Masu lambu su ce "buganbiliye". Gane shi ba wuya: abin da ke da launin nan ganye ne mai kama da takarda, furen gaskiya ɗan mitsitsi ne, fari, a tsakiya.

Sunan kuwa na mutum ne. A 1766 Bougainville ya tashi daga Faransa don kewaye duniya ta teku. A 1767, a Birezil, masanin tsirrai na ayarin, Commerson, ya samo iccen, ya laƙaba mishi sunan shugaban tafiyar. Amma Commerson na fama da gyambo a ƙafa, yaronshi ke yawan shiga daji. Yaron nan ashe mace ce, Jeanne Baret, ta yi shigar maza don doka ta hana mata hawa jirgin sojan ruwa. Ita ce mace ta farko da aka san ta kewaye duniya.

To ƴan uwa, ranar da za mu raɗa mishi sunan Hausa, kar mu mance da ita.