TARIHIN GANO SAƘAR TANTANIN SHIMFIƊA A JIKIN ƊAN ADAM

Duk wanda ya taɓa dafa ganda har romonta ya yi kauri, ya bar shi ya huce ya daskare, ya riga ya ga kolajin da idonsa, ko da bai san sunansa ba. Asalin kalmar daga Girkanci ne, ma'anarta kuwa mai haifar da danƙo, domin tun zamanin da akan tafasa fata da jijiya a sami abin liƙi. Shi ne kuma abin da majemi ke sarrafawa in yana jima. A shekarar 1954 da 1955 Ramachandran, masanin Jami'ar Madras ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa kowane silin kolajin zare uku ne da aka murɗe wuri guda, watau tufka ce sosai. A fata da jijiya da ƙashi waɗannan silla sukan jeru su zama igiya. To, amma akwai wani iri wanda ba ya yin igiya, raga yake yi, kuma masana sun fi shekara ɗari kafin su gane yadda ake saƙa ta.

Labarin ya faro ne a Landan. A shekarar 1842 wani matashin likita, William Bowman, ya buga bincikensa a kan ƙoda. Ya lura cewa ƙwayoyin jiki da suka lulluɓe hanyoyin fitsari ba a kan tsoka suke zaune kai tsaye ba. Akwai wani siririn tantani garai-garai a ƙarƙashinsu, kamar tabarma a ƙarƙashin masu zama. Wannan shi ne tantanin shimfiɗa, kuma daga baya an same shi a ƙarƙashin fata, da cikin huhu, da kewayen jijiyoyin jini. Bowman ya ɗauka abu ne sumul, marar wani tsari a cikinsa, aka kuwa zauna a kan wannan magana kusan ƙarni guda. Ba a ga laifinsa ba. Kaurin tantanin a matatar ƙoda bai wuce nanomita 300 zuwa 350 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita, madubin ƙara girma na zamaninsa kuwa ba ya iya rarrabe abin da ke cikin wannan.

Ko da aka sami madubin lantarki, wata wahalar ta rage, domin tantanin ba ya narkewa, abin da ba ya narkewa kuwa da wuya a san haɗinsa. A 1951 Krakower da Greenspon suka iya ware shi daga ƙodar kare. A 1966 Nicholas Kefalides ya fitar da wani kolajin daga cikinsa wanda bai yi kama da na fata ba, shi ne aka sa wa suna kolajin iri na huɗu. Amma abin da ake samu daga ƙoda ɗan kaɗan ne, kuma a kakkarye yake fitowa.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. Akwai wani ƙari da aka daɗe ana dasawa daga ɓera zuwa ɓera a ɗakunan bincike, ana zaton ciwon dajin guringuntsi ne. A 1977, a ɗakin binciken George Martin a Amurka, aka gano cewa tantanin shimfiɗa ne ƙarin yake tarawa jibgi-jibgi, kuma mai sauƙin narkarwa. Daga cikinsa Rupert Timpl na Jamus da Martin suka fitar da wani furotin mai suna laminin a 1979. A 1981 kuma Timpl da Klaus Kühn da abokan aikinsu suka zana yadda ragar take. Kowane sili tsawonsa kamar nanomita 400 ne, yana da dunƙulallen kai a gefe ɗaya da wutsiya a ɗaya gefen. Kai biyu sukan haɗu goshi da goshi, wutsiya huɗu kuma su ɗaure wuri guda. Bugu da ƙari, tufkar ba ta tafi santal ba, ta sassauta a wurare fiye da ashirin, saboda haka silin yana lanƙwasa, ba kamar na jijiya mai tauri ba. A 1984 Yurchenco da Furthmayr suka nuna cewa in an zuba sillan a ruwa aka ɗumama su, da kansu suke harhaɗuwa, har su nannaɗe juna ta gefe. Koma ce wadda ba ta bukatar masaƙi.

An so a ce wannan raga ita ce harsashin tantanin baki ɗaya, sai gwaji ya rage wa maganar ƙarfi. A 2004 aka samar da ɓeraye marasa babbar ragar kolajin iri na huɗu, sai ga tayinsu ya fara shimfiɗa tantani a kan laminin, ya rayu har kwana goma zuwa sha ɗaya, sa'an nan tantanin ya yayyage da jiki ya fara nauyi, tayin ya mutu. Laminin ke aza shimfiɗa, kolajin ke sa ta ɗauki kaya.

Sauran abin da aka sani kuwa majinyata ne suka koyar da shi. A 1919, lokacin annobar mura, Ernest Goodpasture ya ba da labarin wani saurayi ɗan shekara 18 da ya mutu yana tarin jini, ƙodarsa kuma ta lalace. A 1967 aka tabbatar cewa a cutar da aka sa wa sunansa garkuwar jiki ce ke juyowa ta auka wa tantanin huhu da na ƙoda. A 1927 kuma Cecil Alport, ɗan Afirka ta Kudu mai aiki a Landan, ya bayyana wata zuriya da ke gadon fitsarin jini da kurumta, mazansu suna mutuwa da ƙuruciya, matan kuwa abin yakan zo musu da sauƙi. Ba wanda ya haɗa cututtukan biyu a lokacin. Sai a ƙarshen shekarun 1980 Billy Hudson da mutanensa suka bi sawun abin da garkuwar ke kai wa hari, suka tarar kan wani zare ne da ba a sani ba, zare na uku. A 1990 aka gano cewa mafi yawan masu cutar Alport aibinsu yana ƙwayar gadon zare na biyar, wadda ake gada ta wajen uwa in ɗa namiji ne. A ƙarshe zare shida aka ƙirga, amma haɗi uku kaɗai suke yi, kuma kan ne ke zaɓen abokan tufka. Matatar ƙodar baligi, wadda ke tace wajen lita 180 kowace rana, tana dogara ne da haɗin zare na uku da na huɗu da na biyar. In ɗaya ya ɓaci, duk ukun ba su shiga raga.

Shi kansa ƙullin da ke riƙe kai da kai ya daɗe yana ɓoye. A 2009 ɗakin binciken Hudson a Jami'ar Vanderbilt ya nuna cewa ɗauri ne tsakanin farar wuta da naitirojin, irin da ba a taɓa gani a jikin mai rai ba. A 2014 suka gano ba ya ƙulluwa sai da sinadarin buromin, wanda a da ba a san yana da wani aiki na dole a jikin dabba ba. Ƙudajen da aka hana wa shi a abinci mutuwa suka yi, waɗanda aka mayar wa kuwa suka rayu. A 2016 aka ƙara gano dalilin da ya sa ragar ba ta sarƙewa tun a cikin ƙwayar da ta yi ta: kawunan ba su haɗuwa sai sun fito waje, inda kuloraid, abokin haɗin gishirin miya, ya fi yawa.

Har yanzu ba a iya gyara saƙar mai cutar Alport ba. Ƙodarsa takan ci gaba da aiki da ragar da ta yi tun yana ciki, wadda ƙullinta bai kai ba, tana tsagewa a hankali har ta koma kamar saƙar kwando a madubin lantarki. Magungunan rage hawan jini sukan jinkirta lalacewar da shekaru, bayan haka sai wankin ƙoda ko dashe. A cikin waɗanda aka yi wa dashen akwai 'yan kaɗan da garkuwar jikinsu, da yake ba ta taɓa ganin lafiyayyar ragar ba, takan ɗauke ta baƙuwa ta far mata, sai cutar irin ta Goodpasture ta kama sabuwar ƙodar.