Masu Ƙidayar Ranar Fyaucewa

A ranar 22 ga Oktoba, 1844, dubban masu bi a arewa maso gabashin Amurka suka taru a majami'u da gidaje, suna jiran Ubangiji Yesu ya bayyana kafin tsakar dare. Waɗansu sun rufe kantunansu, waɗansu sun yafe bashin da suke bi, manoma da dama kuwa sun bar dankalinsu a ƙasa ba su tona ba, gama a ganinsu babu mai cin sa. Dare ya raba, gari ya waye kamar kullum. Wanda yake so ya gane gardamar da ikilisiya take yi har wa yau a kan lokacin fyaucewa, gara ya fara daga wannan safiya.

Mutumin da ya tara su shi ne William Miller, manomi ɗan Baptis daga Low Hampton a jihar Niyok. An haife shi a 1782, ya yi hafsan soja a yaƙin 1812, a lokacin kuwa bai gaskata Littafi Mai Tsarki ba. Da ya tuba a 1816 sai ya ɗauki Littafin yana bi aya aya, shi kaɗai, har shekara biyu. A Daniyel 8:14 ya tsaya, inda aka ambaci kwana 2300 kafin a tsarkake wuri mai tsarki. Ya ɗauki kowace rana a matsayin shekara guda, kamar yadda masu fassara da yawa na zamaninsa suke yi. Ya fara ƙidaya daga shekara ta 457 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da sarki Artashate ya ba Ezra izinin tafiya Urushalima. In ka cire 457 daga 2300, sai ka sami 1843. Wuri mai tsarkin nan kuwa, in ji shi, duniya ce, da wuta za a tsarkake ta.

Miller ya yi shekara goma sha uku yana jin nauyin faɗa a fili, sai a 1831 ya fara wa'azi. Bai kuwa so ya sa rana ba, cewa ya yi tsakanin Maris 1843 da Maris 1844. Da wannan ya wuce, wani mai suna Samuel Snow ya tashi a taron zango a Exeter cikin Agusta 1844, ya ce Ranar Kafara ta Yahudawa ce ake nufi, a lissafinsa kuwa ta faɗo 22 ga Oktoba. Miller bai amince ba sai da ya rage 'yan makonni. Bai kamata mu yi wa mutumin nan dariya ba. Bai ci kuɗin kowa ba, ya kuma yarda a fili ya yi kuskure, ya mutu a 1849 yana sa zuciya ga zuwan Ubangijinsa. Jama'arsa dai ta watse. Wani reshe ya ce ranar daidai ce, wurin ne aka ɓata, watau Almasihu ya shiga wani sabon aiki a wuri mai tsarki na sama. Daga cikinsu aka kafa ikilisiyar Adventist masu kiyaye Asabar a 1863, waɗanda mutanen Filato suka sani da asibitinsu na Jengre.

Mai karatu ya lura da abu guda. Miller bai raba fyaucewa da dawowar Almasihu ba. A wurinsa abu ɗaya ne, rana ɗaya, yadda ikilisiya ta saba karanta 1 Tasalonikawa 4:17 tun dā: matattu cikin Almasihu su tashi, masu rai a fyauce su tare da su, su taryi Ubangiji yana zuwa a gaban idon kowa. Irenaeus, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 180, ya sa rai ga mulkin shekara dubu a duniya, amma ya ɗauka ikilisiya za ta sha wuya a hannun magabcin Almasihu tukuna. Augustine daga baya ya fassara shekara dubun nan da zamanin ikilisiya kanta, Katolika da yawancin Lutheran kuwa har yanzu can suka karkata.

Rarrabewar ta fito ne daga wancan ƙetaren teku, a shekarun da Miller yake yawon wa'azi. John Nelson Darby, wanda aka haifa a 1800, limamin Angilika ne a ƙauyukan Wicklow na ƙasar Ailan. A 1827 doki ya kā da shi, ya yi watanni yana jiyya yana karatu, ya tashi da tabbacin cewa Allah yana da shiri biyu, ɗaya domin Isra'ila a duniya, ɗaya domin ikilisiya a sama. Ya bar aikinsa ya zama babba cikin 'yan'uwan da aka sani da sunan garin Plymouth. Cikin shekarun 1830 koyarwarsa ta nuna. Ya ce a makonni saba'in na Daniyel 9, sittin da tara sun cika a zuwan Almasihu na fari, sa'an nan agogon annabci ya tsaya. Mako na ƙarshe, watau shekara bakwai na babban tsanani, ba zai fara ba sai an ɗauke ikilisiya. Bayan shekara bakwai ɗin Almasihu zai sauko a bayyane tare da tsarkakansa ya kafa mulki.

A nan hikimar tsarin take, ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba. Idan agogon ya tsaya, babu abin ƙidayawa. Babu wata alama da dole ta faru kafin fyaucewa, tana iya zama yau da dare, tana iya kai shekara ɗari. Bayan kunyar 1844 masu bi a Amurka sun ji tsoron duk mai zuwa da lissafi, sai ga koyarwa wadda ta bar musu zafin jira, ba ta kuwa ba kalanda damar ƙaryata ta. A ganina wannan ya taimaki yaɗuwarta ƙwarai. Darby ya yi ta zuwa Amurka da Kanada tsakanin 1862 da 1877. Mutane kaɗan ne suka shiga ƙungiyarsa, amma fastocin Baptis da Presbyterian da yawa sun ɗauki koyarwar suka bar shi.

Ba a karɓe ta lami lafiya ba. Tun cikin 'yan'uwan Darby, George Müller mai gidan marayu na Bristol bai yarda ba. Taron nazarin annabci na Niagara ma, wanda ya yi shekaru yana haɗa manyan masu wa'azi, wannan gardama tana cikin abin da ya watsa shi wajen 1900. Abin da ya ba ɓangaren Darby rinjaye shi ne Littafi Mai Tsarki mai sharhi na C. I. Scofield, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga a 1909. An sa sharhin a gindin shafi, ƙarƙashin ayoyin, har mai karatu yakan manta wanne ya gani a sama, wanne a ƙasa. Da yawa cikin 'yan mishan na Amurka da Kanada da suka zo ƙasar Hausa, a Nijeriya da Nijar, a makarantun da ake koyar da wannan tsari suka yi karatu, shi ya sa masu bi da dama a nan suka taso ba su san akwai wata fahimta ba. A 1956 George Ladd ya fito da littafi yana kāre tsohon ra'ayi na fyaucewa bayan tsanani. Waɗansu suka ce a tsakiyar shekara bakwai ɗin ne, a 1990 kuma Marvin Rosenthal ya ce bayan an sha tsanantawar magabci ne, amma kafin saukar fushin Allah. Ga wanda ya taɓa kwana a daji domin an ƙone majami'arsu, tambayar ko ikilisiya za ta ga tsanani ba zancen aji ba ce, yakan kuma yi mamakin jin cewa tsananin bai fara ba tukuna.

Abin mamaki, magadan Darby su ne suka sāke ɗauko alƙalamin Miller. Da aka kafa ƙasar Isra'ila a 1948, sai suka ga kamar agogon ya motsa. Hal Lindsey, a littafinsa na 1970 wanda aka sayar da miliyoyi, ya haɗa wannan da misalin itacen ɓaure na Matiyu 24, ya ce tsara guda wajen shekara arba'in ce. Ya bar mai karatu ya tara da kansa. Edgar Whisenant, tsohon injiniyan hukumar sararin samaniya ta Amurka, bai yi wannan kara ba: ya kawo dalilai 88, ya ce tsakanin 11 da 13 ga Satumba, 1988. Da ta wuce sai ya koma 1989. Duk da yake Matiyu 24:36 ya nuna sanin ranar na Uba ne kaɗai, masu lissafi sukan amsa cewa ba a hana sanin mako ko wata ba.

A Koriya ta Kudu abin ya fi muni. Lee Jang-rim, shugaban wata ƙungiya mai suna Dami, ya sa tsakar daren 28 ga Oktoba, 1992. Mutane suka bar aiki da makaranta, suka sayar da gidaje suka kai kuɗin. Hukuma ta kama shi tun a Satumba, kotu ta ɗaure shi saboda zamba. A cikin kayansa an sami takardun ajiyar kuɗi waɗanda lokacin karɓarsu sai 1993.

Harold Camping, mai gidan rediyon Kirista a Kalifoniya, ya fara gwada Satumba 1994, sa'an nan ya tsaya a kan 21 ga Mayu, 2011. Aka kafa alluna a ƙasashe da yawa da kuɗin masu sauraronsa, waɗansu da duk abin da suka tara na tsufa. Da ranar ta wuce ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba. A Maris 2012 ya rubuta wa jama'arsa cewa sa ranar zunubi ne, ba zai ƙara ba. Ya mutu a Disamba 2013, yana da shekara 92.