Haɗurran jiragen feshin gona

Haɗurran jiragen feshin gona su ne haɗurran da ke rutsawa da ƙananan jiragen sama da jirage masu saukar ungulu da ake amfani da su wajen fesa maganin ƙwari, zuba taki ko watsa iri a gonaki. Aikin yana cikin mafi haɗari a harkar tuƙin jirgin sama, domin jirgin yakan bi ta kan shuka da tazarar kimanin mita uku kacal, da gudun da kan wuce kilomita 200 a awa ɗaya.

Tarihi

An fara gwada feshi da jirgi a shekarar 1921 kusa da garin Troy a jihar Ohio ta Amurka, inda matuƙin soja John Macready ya watsa garin magani kan itatuwan da tsutsa ta addaba. Jiragen farko tsofaffin jiragen soja ne. Daga baya aka ƙera na musamman, irin su Piper Pawnee, Air Tractor da Embraer Ipanema na Brazil.

Karo da wayoyi da hasumiyoyi

Karo da abin da ke tsaye a gona yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe matuƙa. Wayar lantarki siririya ce, ba a cika hango ta ba, musamman idan rana ta haske wa matuƙi ido. Sau da yawa matuƙin ya san da wayar, amma hankalinsa ya koma kan layin feshi ko na'urar GPS har ya manta da ita.

Akwai kuma hasumiyoyin auna iska da kamfanonin lantarki ke kafawa cikin 'yan kwanaki. A Amurka akan gina su ƙasa da ƙafa 200 kaɗan, tsayin da a da doka ba ta tilasta a sa masa fitila ko fenti ba. A watan Janairun 2011 wani matuƙi ya rasu bayan ya yi karo da irin wannan hasumiya kusa da Oakley a Kalifoniya. A 2016 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar da ta nemi a riƙa yi wa irin waɗannan hasumiyoyi alama.

Kuɓucewar jirgi a kwana

A ƙarshen kowane layi matuƙi yakan ɗaga jirgin ya juyo. Idan ya matsa kwanar don ya rage lokaci, alhali tanki cike yake, fukafukan kan kasa riƙe jirgin, sai ya kifa. Da yake ƙasa na kusa, babu sararin da zai daidaita shi. Zafin rana yana ƙara tsananta lamarin, domin iska mai zafi ba ta da kauri, ga shi filayen tashi na karkara gajeru ne. Shi ya sa ake yi wa jiragen maɓallin zubar da maganin gaba ɗaya cikin daƙiƙu kaɗan.

Gajiya da sauran dalilai

Aikin na lokaci ne. Idan ƙwari suka ɓarke, manoma kan buƙaci feshi a lokaci guda, sai matuƙi ya wuni yana tashi yana sauka tun asuba. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta nazarci haɗurra 78 na shekarar 2013, ta kuma fitar da rahoto a 2014 wanda ya ambaci gajiya, rashin auna haɗari kafin tashi, sakaci wajen gyaran jirgi da ƙarancin ƙa'idojin jarraba matuƙa. Sauran dalilan sun haɗa da mutuwar inji, ƙarewar mai, shiga hazo, karon jirage biyu a gona ɗaya, da shaƙar maganin ƙwari mai taɓa jijiyoyi. A ƙasashen Sahel, ciki har da arewacin Najeriya, ana feshin tsuntsayen jan-baki da almuru a wuraren kwanansu, inda ƙarancin haske da garken tsuntsayen ke ƙara haɗari.

Matakan kariya

Ana ƙera jiragen zamani da tankin magani a gaban matuƙi, da ƙarfafan ƙarafa kewaye da mazauninsa, da wuƙaƙen yanke waya. Ana kuma shawartar matuƙa su sa hular kwano, su ɗaura bel, su kewaya gona daga sama suna neman turaku kafin su fara feshi.